Ƙudan da bakinsa ya ninka jikinsa sau biyar, da abin da ya haɗa shi da mangwaron Zariya

A gaɓar teku ta yammacin Afirka ta Kudu, cikin rairayin da ya tashi daga wajen birnin Cape Town ya nausa arewa, akwai wani ƙuda da jikinsa bai fi na ƙudan zuma girma sosai ba amma bakinsa yana kai santimita 8, wasu ma har su kusa 10, wato ya ninka jikin nasa sau huɗu zuwa biyar kenan. Ɗauko rula ka duba 10 ɗin nan, ya fi yatsanka na tsakiya tsawo. Duk ƙudajen da aka sani a duniya babu mai bakinsa. Masana na kiransa Moegistorhynchus longirostris, wani Bajamushe mai suna Wiedemann ne ya fara rubuta bayaninsa tun 1819, kuma wannan uban baki ba na cizo ba ne, ba jini yake sha da shi ba, ruwan zaƙin fure kawai.

Da na nuna hotonsa a majalisarmu ta gindin mai shayi a Samaru sai gardama ta ɓarke, wani ya ce wallahi haɗi ne, yanzu babu abin da kwamfuta ba ta ƙerawa, wani ya ce sauro ne aka zuƙo shi da kyamara. Wani dattijo da ya daɗe yana aiki a gonakin gwaji kafin ya yi ritaya, shi bai shiga musun ba, ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "To ɗana, da wannan abin yaya yake tashi?" Na ce Baba ai tambayar kenan.

Malam-buɗe-littafi shi ma yana da dogon baki amma yana nannaɗe abinsa ya ajiye ƙarƙashin kai, sai zai sha ya warware. Wannan ƙudan ba ya iya nannaɗewa. In yana tafiya sai ya kwantar da bakin ta ƙarƙashin ciki, ya ratsa tsakanin ƙafafu ya fito ta baya yana jansa, in ya iso fure sai ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, ya juyo da bakin gaba, ya saita tsininsa a wata 'yar ƙofa da faɗinta bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, ya zura har ƙasa. Duk wannan a wurin da iskar teku ke kaɗawa, furen na rawa shi ma yana rawa. Sannan jan ruwa ta siririn bututu mai wannan tsawon ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa ƙudajen wannan dangi suke da tsokoki masu ƙarfi a cikin kai da suke aiki kamar famfo, kuma ruwan furannin da suke sha ba mai kauri ba ne, sukarinsa yawanci kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ne, in ya yi kauri ba zai zuƙu ba. Kenan bakin nan kaya ne, wahala ce yake ɗauke da ita. Ruwa kuma ba ya tsami banza.

Abin da ya sa shi ɗaukar wahalar wata 'yar tsirowa ce da ake kira Lapeirousia anceps, mai ɗan kai a ƙarƙashin ƙasa irin na albasa, tana kwana cikin rairayi duk lokacin rani sai ruwa ya sauka ta fito. Can nasu ruwan a lokacin sanyi yake sauka, daga wajen Mayu zuwa Agusta, sai furanni su buɗe bayan nan, ita wannan tana fure ne wajen Satumba zuwa Nuwamba, daidai lokacin da ƙudan ke fitowa, lokacin da mu nan ake ta fama da yankan dawa da roron wake. Furen fari ne mai ɗan ratsin ruwan hoda, da jan zane a leɓɓansa na ƙasa, ba shi da wani ƙamshi, amma a bayansa akwai dogon bututu siriri kuma ruwan zaƙin yana can ƙasan bututun. Sassan da ke ɗauke da bununi, wato garin da fure ke barbara da shi, da kuma kan macen furen da ke karɓar bununin, su suna bakin ƙofa.

To nan ne lissafin yake. In bakin ƙuda ya fi bututun tsawo sosai, sai ya tsaya daga nesa ya zuƙe ruwan tas ya yi gaba, kansa bai taɓa komai ba, ya ci bulus, fure ya yi asarar sukarinsa babu barbara. In kuma bututun ya fi bakin tsawo, dole ƙudan ya cusa kai ya danna fuska a bakin furen yana neman kai wa ga ruwan, garin haka bununi ya shafe masa kai da ƙirji, wanda ya kwaso daga furen baya kuma ya goga wa wannan. Fure ya samu abin da yake so, ƙuda ya tashi da ɗan abin da bakinsa ya iya tsotsa. Kenan kullum furen da ya ɗan fi tsawo shi ke yin 'ya'ya da yawa, ƙudan da bakinsa ya ɗan fi tsawo shi ke ƙoshi. 'Ya'yan kowa su gaji tsawon iyaye, shekara ta zagayo a sake.

Ina yawan jin ana ba da labarin ƙwari da furanni kamar wata soyayya, wai wannan na taimakon wannan. Ni ban ga taimako a nan ba. Kowa kansa ya sani, kowa so yake ya ci ba tare da ya biya ba, barbarar da ake samu a tsakani tilas ce ta kawo ta.

Asalin wannan tunani na Charles Darwin ne. A 1862 aka aiko masa da wani fure daga Madagaska mai suna Angraecum sesquipedale, bututunsa ya kai wajen santimita 30, ya ce lallai akwai wani ƙwaron dare a tsibirin da bakinsa ya kai haka. A 1867 Alfred Russel Wallace ya goya masa baya. Sai 1903 aka bayyana ƙwaron, Darwin ya riga ya rasu tun 1882, kuma sai 1992 wani masani Bajamushe Lutz Wasserthal ya ga ƙwaron da idonsa yana shan furen. Na san da an ambaci sunan Darwin a wajenmu wasu ke gyara zama, to ba maganar asalin ɗan Adam nake ba, maganar abin da aka sa rula aka auna nake. Kuma ba baƙon abu ba ne ga ɗan Zariya. Kakanninmu in an yanke dawa sai su ware zangarniyar da ta fi cika su rataye a rumbu ita ce irin baɗi, a haka a haka har dawar gidan ta bambanta da ta maƙwabta, kuma aikin da cibiyar binciken noma ta IAR ke yi a Samaru tun da aka kafa tashar a 1922 kenan, duk su irin dawa SAMSORG da na masara SAMMAZ da na wake SAMPEA da ake rububinsu zaɓe ne ya haife su. Bambancin kawai shi ne can babu manomi a tsakani, ƙuda ne ke zaɓen fure, fure na zaɓen ƙuda, cikin ikon Allah.

Amma faɗa daban, nunawa daban. Shekara sama da ɗari maganar tana nan a matsayin hasashe mai daɗin ji, don ƙwaron Madagaska da dare yake fita kuma ba a cika ganinsa ba. Ƙudan Afirka ta Kudu shi da rana tsaka yake yawo, ana iya kama shi a auna a sake shi. Anton Pauw na jami'ar Stellenbosch da abokan aikinsa biyu, Jaco Stofberg da Richard Waterman, su suka bi garuruwan gaɓar suna auna bakin ƙuda suna auna bututun fure, suka wallafa sakamakon a 2009. Abu na farko da suka gani, tsawon ba ɗaya ba ne ko'ina, a wani wuri bakin ƙudan bai fi santimita 4 da ɗoriya ba, a wani wurin ya haura 8, kuma duk inda bakin ya yi tsawo bututun furen wurin ma ya yi tsawo, inda ya gajarta shi ma ya gajarta. Wannan kaɗai bai isa hujja ba don ana iya cewa ƙasar wurin ce ko ruwan sama ke sa komai ya yi girma. Sai suka koma kallon ziyara ɗai-ɗai: wannan ƙudan mai baki kaza ya shiga wannan furen mai bututu kaza, nawa ya sha, ƙwayar bununi nawa ya bari. Sai ga shi ƙuda mai dogon baki ya fi shan ruwa da yawa a kowace ziyara, fure mai dogon bututu ya fi samun bununi. Ɓangarorin biyu duk sun tabbata a fili guda, abin da ya sa wannan aikin ya yi suna kenan.

Ba kowa ne ya yarda tsere ne ke kawo kowane dogon fure ba, kuma suna da hujjarsu. Shi kansa Wasserthal yana ganin ƙwarin dare sun yi dogon baki ne don su sha daga nesa su tsira daga gizo-gizon da ke laɓewa a kan fure, furanni kuma daga baya suka bi sahu. A 2007 Whittall da Hodges sun nuna cewa wasu furannin Amurka ta Arewa bututunsu na ƙara tsawo ne duk lokacin da suka sauya mai yi musu barbara, daga ƙudan zuma zuwa tsuntsu, daga tsuntsu zuwa ƙwaron dare. A ganina duka biyun na faruwa, har a cikin lamarin ƙudan nan ma. Tsirowar da take da yawa har ƙuda ya dogara da ita wajen abinci, ita ce ke iya jan bakinsa ya ƙara tsawo. Sauran 'yan tsiraru bin baya kawai suke.

Kuma 'yan bin bayan suna da yawa, tsirrai wajen 20 ne suka jingina da wannan ƙuda guda, daga dangi daban-daban, akwai Pelargonium, akwai Gladiolus, Ixia, Babiana, amma in ka jera furanninsu sai ka rantse 'yan gida ɗaya ne, duk farare ko ruwan madara, duk da jan zane, duk da dogon bututu, duk babu ƙamshi. Sai tambaya ta taso, in ƙuda ɗaya ke zagaya su duka ba za a cakuɗa bununin ba? Yadda abin yake, kowa da inda yake ajiye kayansa a jikin ƙudan. Wani a ƙarƙashin ƙirji yake shafawa, wani a gadon baya, wani a goshi, wani a gindin baki, kuma kan macen kowane fure yana tsaye ne daidai inda ɗan uwansa ya ajiye.

A cikinsu har da ɗan damfara. Akwai wani fure Disa draconis, dangin wancan na Madagaska, ya yi kala irin tasu, ya yi dogon bututu irin nasu, amma ko ɗigon ruwa babu a ciki. Ƙuda ya zo ya zura baki har ƙasa ya danna kai yana nema, ya fito a banza, an manna masa ƙunshin bununi a gindin baki. Steven Johnson da Kim Steiner sun yi aiki a kansa suka wallafa a 1997, suka ga waɗanda ke cikin rairayi inda mai dogon bakin nan yake bututunsu ya fi tsawo, na kan duwatsu kuma inda wani ƙudan dangin bobuwa mai suna Philoliche rostrata ke zuwa, nasu ya fi gajarta. Da suka rage wa dogayen tsawo da hannu sai barbara ta ragu, 'ya'ya suka ragu. Shi wannan ba ya ciyar da kowa, don haka ba shi da ta cewa a tsawon bakin ƙuda, kuma cinikinsa ba ya tafiya sai in masu gaskiyar suna kusa da yawa.

Gwajin da ya fi burge ni kuwa mai arha ne, kowane ɗalibin aji uku a ABU zai iya irinsa. A wajen garin Nieuwoudtville akwai 'yar uwar wancan tsirowar, Lapeirousia oreogena, furenta shuɗi mai duhu da wasu fararen zane kamar kan kibiya suna nuna ƙofar bututun, wani ƙuda mai dogon baki na jinsin Prosoeca ke mata barbara. Dennis Hansen da Timotheus van der Niet da Johnson suka sa baƙin tawada suka shafe fararen zanen a wasu furannin suka bar wasu. Ƙudajen suka ci gaba da zuwa wajen duka biyun, ba su ƙyamaci na tawadar ba, amma da sun iso sai su yi ta shawagi suna lalube, kaɗan ne ke iya zura baki, yawanci su haƙura su wuce, furannin da aka shafe kuma suka yi ƙarancin 'ya'ya. A 2012 aka buga wannan. Wato zanen nan da muke gani mu ce ado ne, shi ne saitin da ƙuda ke bi. Alƙalami ɗaya da haƙurin zama cikin rana suka fito da wannan.

Akwai kuma wani abu a kusa da garin Mamre, inda aka samu ita Lapeirousia anceps iri biyu a fili ɗaya, masu gajeren bututu da masu dogo, na tsakiya 'yan kaɗan. Corneile Minnaar da abokan aikinsa suka shafa wa bununi wasu ƙananan ɗigo masu ƙyalli da ake gani a ƙarƙashin fitila ta musamman, don su bi sawun kowace ƙwaya, a 2019 suka ba da rahoton cewa gajere da dogo ba wuri ɗaya suke ajiye bununi a jikin ƙudan ba, don haka yawanci dogo da dogo ke haɗuwa, gajere da gajere. Ƙuda ɗaya ne ke zirga-zirga tsakaninsu amma sun fara zama kamar dangi biyu.

Shi kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun 1908 Rudolf Marloth ya lura da ƙudaje masu dogon baki a kan furannin yankin, daga baya Peter Goldblatt da John Manning suka tattara abin a 2000 suka nuna tsirrai sama da 100 a kudancin Afirka sun dogara da irin waɗannan ƙudaje 'yan ƙalilan. A duwatsun Drakensberg akwai Prosoeca ganglbaueri da bakinsa ke tashi daga santimita 2 zuwa 5 gwargwadon wuri, Bruce Anderson da Johnson sun ga irin wannan daidaituwar tsakaninsa da furen Zaluzianskya microsiphon. Amma bari in tsaya kan na rairayin.

Matsalar da yake ciki ita ce ƙasar da yake rayuwa a kai. Yankin Cape na da tsirrai wajen 9,000, kusan kashi 70 cikin ɗari babu su a ko'ina a duniya sai nan, kuma filayen rairayin gaɓar su suka fi shan wahala, gari na faɗaɗa, ana nome wasu a sa dankali da alkama, sannan ga wasu itatuwan dangin bagaruwa da aka kawo daga Ostireliya tun ƙarni na 19 don su riƙe yashi, suka fi ƙarfin kowa suka shanye fili. Abin da ya rage 'yan gutsattsarin daji ne nan da can. Kuma ƙudan nan ba fure kaɗai yake buƙata ba. 'Ya'yan ƙudajen wannan dangi, inda aka bi rayuwarsu, tsutsotsinsu a jikin wasu ƙwari suke girma, wasu a cikin fara, wasu a cikin gwazarmar da ke ƙarƙashin ƙasa. Kenan sai an samu fure, an samu ƙwaron da tsutsa za ta ci, an samu ƙasar da ba a kaftu ba, sannan a samu ƙuda.

Ga inda abin ke da ban tsoro. Ranar da ƙudan ya ɓace daga wani fili babu wanda zai sani. Tsirowar tana da kanta a ƙasa, baɗi za ta fito ta yi fure fes, baɗin waccan ma haka, mai wucewa ya ɗauki hoto ya ce masha Allah daji na nan lafiya, alhali babu iri da ke zuba, tsofaffi ne kawai ke ta maimaita fitowa har su ƙare. Ƙudan zuma ba zai cike gurbin ba don bakinsa bai kai ko santimita 1 ba, bututun da aka yi shekaru aru-aru ana ƙara wa tsawo ya rufe ƙofa ga kowa sai mutum ɗaya.

To mu nan fa? Wannan ƙudan dai babu shi a Zariya, kada wani ya tafi Kufena nemansa. Amma muna da namu masu dogon bakin, sai dai da dare suke aiki. Duk wanda ya taɓa noman dankalin Hausa ya san wata ƙatuwar tsutsa mai ƙaho a wutsiya da ke cin ganyensa, to ita ce ke zama wani ƙaton malam-buɗe-littafin dare mai kaurin jiki, toka-toka da ratsin ja a ciki, irin wanda ke faɗo wa fitila da damina yara su bi shi da tsintsiya. Sunansa Agrius convolvuli, bakinsa in ya warware yana kai santimita 10 har ya wuce, kuma bincike ya nuna shi ne babban mai barbarar dogayen fararen furanni a Afirka, irin su dangin gauɗe da albasar kwaɗi. Ka tsinki furen gauɗe ka tsaga shi a tsaye ka ga tsawon bututun, ka shinshina shi da magariba ka ji yadda ƙamshin ke tashi lokacin da na rana suka kwanta. Duma ma da yamma yake buɗe farin furensa. Kuka da ɗorawa kuwa jemagu ne manyan baƙinsu. Akwai kuma wasu 'yan ƙudaje masu gashi buzu-buzu da tsinin baki a gaba, za ka gan su ƙarshen damina suna tsayawa cak a iska kan furannin ciyawa a bakin Kubanni, mutane na ɗauka zuma ce, ƙudaje ne, kuma tsutsar wasunsu ƙwan fara take ci a cikin ƙasa.

Wanda ya fi shafar aljihu shi ne mangwaro. Ka je lambu a bakin Galma ko ta wajen Shika cikin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu lokacin da itatuwa suka yi fure, ka tsaya ƙarƙashin ɗaya da hantsi ka ɗaga kai. Za ka ga zuma, amma ka ƙirga da kyau, ƙudaje ne birjik, koren ƙudan nan mai ƙyalli da muke kora daga kan nama, da ƙudan gida, da wasu masu ratsin rawaya. Furen mangwaro ƙanƙane ne a buɗe, ruwansa a fili, warinsa ma irin wanda ƙuda ke so ne, kuma a ƙasashe da dama an tabbatar ƙudaje na cikin manyan masu yi masa barbara, har a arewacin Ostireliya wasu masu lambu kan ajiye ruɓaɓɓen kifi ko nama a gindin itatuwa don su jawo su. Masu noman irin albasa ma ƙuda na musu aiki ba su sani ba.

Sai dai kar a ja maganar ta wuce inda take. Mangwaro ba kamar wancan furen ba ne, ƙofarsa a buɗe take ga kowa, in wannan bai zo ba wancan zai zo, don haka ba zai wayi gari ba mai barbara saboda ƙwaro ɗaya ya ɓace. Kuma zubar fure ɗabi'arsa ce, reshe ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan furanni har dubbai, da yawansu maza ne zalla, wanda ke zama ɗa ya nuna bai kai ɗaya cikin ɗari ba ko da komai ya tafi daidai, ga iskar hunturu, ga farar cutar nan mai kama da toka da ke kama furen, ga ƙananan ƙwari masu tsotsa. Abin da ke iya kwashe masu barbarar duka a lokaci guda shi ne feshi, don maganin ƙwari ba ya tambayar wane ne baƙo wane ne ɓarawo.

Wani kawuna yana da 'yan itatuwa a bakin rafi, kuma al'adarsa da fure ya buɗe sai ya sa yaro ya goya famfo da sassafe a bi su da irin maganin da ake fesa wa wake. Da na je na same shi ana cikin haɗawa, warin ya cika wurin, ƙasan itacen da aka gama kuwa ƙudaje ne zube wasu na ta juyi a bayansu. Na ce Kawu waɗannan fa su ke sa ya yi 'ya'ya. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ƙuda? Ƙudan da ke tashi daga masai? Bokon naku har ya kai nan?" Na ce ranka ya daɗe ba sai ka yarda da ni ba, mu je wancan da ba a fesa ba. Muka tsaya, na kamo ɗaya daga cikin korayen da hula na riƙe shi ta fiffike na miƙa masa, ya sa tabarau, ga ɗan gari-gari maƙale a gashin ƙirjinsa da ƙafafu. Ya juya shi ya sake juyawa, ya sake shi, bai ce komai ba sai "ikon Allah".

Bai daina feshi ba, kuma ban ce ya daina ba don masu tsotsar nan da gaske suna ɓarna. Abin da muka tsayar shi ne in zai fesa ya yi kafin furen ya buɗe, ko ya jira sai 'ya'ya sun ɗaura sun kai girman gujiya, in kuma ta kama dole a tsakiyar fure to a bari sai rana ta faɗi lokacin da ƙuda da zuma suka tafi, kuma a daina zuba maganin da murfin kwalba bisa ƙiyasi, a bi abin da aka rubuta a jiki. Ya ce na yamma ɗin zai yi wuya don yaron na zuwa Islamiyya, sai dai ran Alhamis da Juma'a.